3.4 Kifin Ƙanƙara a Kasuwannin Birnin Kabi da Argungu

Kamar yadda aka yi bayani a baya, su sana'a ce ta gado ga Kabawa da Sarkawa, kuma ita ce ta haifar da bikin kamun kifi na Argungu wanda aka fara a 1934. Sai dai duk wanda ya zagaya kasuwar Argungu ko ta Birnin Kabi zai tarar da wani kifi da bai taɓa shan ruwan Gulbin Kabi ba. Wannan shi ne kifin ƙanƙara, wato kifin teku da ake daskararwa a zuba a kwali, a shigo da shi ta jirgin ruwa daga ƙasashe irin su Holan da Rasha da Nowe. Hatta sunayensa baƙi ne, daga Kudu suka biyo shi: titus da kote da shawa da panla.

Abin da ya ba shi wurin zama bai rasa nasaba da ƙarancin kifin gida. Madatsar ruwan Bakolori (1978) da ta Goronyo (1984) sun rage ambaliyar da ke cika fadamun da kifi ke hayayyafa, ga kuma yawan jama'a. Alƙaluman da Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta bayar a wajajen 2020 sun nuna Nijeriya na bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Giwan ruwa da yauni sun zama na masu hali, shi kuwa titus ana yanka shi gunduwa-gunduwa daidai aljihun talaka, rani da damina.

Ta fuskar lafiya, a ganin wannan bincike, matsalar ba a tekun take ba, a hanya take. Ƙa'ida ita ce a ajiye kifin a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri tun daga jirgi har hannun mai saye. To amma daga tashar Apapa ta Legas zuwa Birnin Kabi tafiya ce ta fiye da kilomita 700, zuwa yankin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Idan injin sanyin mota ya tsaya, ko aka ɗauke wuta a ɗakin sanyi, kifin kan narke, a sake daskarar da shi ba tare da mai saye ya sani ba. A lokacin narkewar nan ne ƙwayoyin cuta ke haifar da wani sinadari mai suna histamin a jikin kifaye irin su titus, wanda ke kawo ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da gudawa. Abin lura shi ne, suya ko dafuwa ko banda ba sa kawar da shi, kuma ba dole ne kifin ya yi wari ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba kaya a tashar jirgi, amma tiren mai talla da ke yini a rana ya yi mata nisa. (Kada a ɗauka kifin gida ya tsira: akwai masu zuba gamalin a ruwa, da masu fesa wa banda maganin ƙwari.)

Ta fuskar ciniki kuwa, gwamnati ta sha ƙoƙarin taƙaita shigowarsa. A 2014 an ƙayyade adadin da kowane kamfani zai shigo da shi. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kifi cikin kaya 41 da ya hana wa dala a farashin gwamnati, bai janye ba sai a Oktobar 2023. Haka kuma an rufe kan iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai a Disambar 2020, abin da ya shafi Kamba da Lolo kai tsaye. Waɗannan matakai sun ɗaga farashin kwali, sun kuma sa fasa-ƙwauri daga Kwatano ya yi riba. Kifin da ya biyo ta barauniyar hanya kuwa babu wanda ya auna sanyinsa. Shi kuma masunci da ke Matan Fada, tsadar titus ba ta ƙara ko tarwaɗa ɗaya a homarsa ba, domin ruwan da ya ragu bai dawo ba.