Ƙari a Cikin Zuciya: Tiyata da Makomar Majiyyaci

Ƙari shi ne tsiron nama da kan fito a inda bai kamata ba a jikin ɗan Adam. Wanda ke tsirowa a cikin zuciya ba kasafai ake samun sa ba, kuma ya kasu gida biyu. Akwai mai lafawa, wanda ba ya yaɗuwa zuwa sauran sassan jiki, sannan akwai mai daji. Kimanin kashi 75 cikin 100 na waɗanda ke tsirowa daga zuciyar kanta masu lafawa ne.

A tsakanin manya, wanda aka fi samu shi ne miksoma. Yakan tsiro a ɗakin sama na hagu na zuciya, yana reto a jikin wani siririn jijiya, kuma ya fi kama mata. Idan ya girma yakan toshe ƙofar da jini ke bi, sai majiyyaci ya riƙa haki, da kasala, wani lokaci har da suma. Haka kuma ɓarɓashinsa kan ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan alamomi sun yi kama da na ciwon ƙyauren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa. Don haka ba a rarrabe su sai da hoton zuciya na eko. Mutumin Yalwawa da ya daɗe yana haki zai fara da asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano idan da bukata.

Maganin miksoma shi ne tiyata. Akan buɗe ƙirji, a haɗa majiyyaci da na'urar da ke yin aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar, a yanke ƙarin tare da tushensa. Clarence Crafoord na ƙasar Suwidin ne ya fara cire shi ta wannan hanya cikin nasara a shekarar 1954. A Nijeriya kuwa, an fara tiyatar buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu a 1974.

Makomar majiyyaci ta dogara ne ga irin ƙarin. Wanda aka cire wa miksoma yakan warke ya koma harkokinsa, kuma ƙalilan ne ƙarin ke sake tsiro musu, shi ya sa ake maimaita hoton lokaci-lokaci. Mai daji kuwa yakan bazu tun kafin a gano shi, kuma da yawa ba sa wuce shekara guda ko da an yi tiyata. A jikin jarirai akwai wani nau'i da kan motse da kansa ba tare da wuƙa ba.

Saboda haka, malamin da ya ga ɗalibi yana yawan haki ko suma a aji, wajibi ne ya sanar da iyayensa su kai shi asibiti tun da wuri, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.