Daga Yama Zuwa Dandaji: Ginin Ƙasa, Asusun Mata da Zumuncin Gari

A shekarar 1986, a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, aka miƙa lambar yabo ta Aga Khan ga ayyukan gini guda shida daga duniyar Musulmi. Cikinsu har da gyaran Masallacin Al-Aƙsa na Ƙudus, da raya tsohon garin Mostar da ke Bosniya a yau. A jere da waɗannan manya sai ga sunan Yama, wani ƙauye na ƙaramar hukumar Badagishiri, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa. Abin da ya kai shi can masallacin Juma'a ne na tubalin ƙasa, wanda wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya jagoranci ginawa.

Masana gine-gine sun daɗe suna yaba hasumiyoyin wannan masallaci. Ni kuwa yadda aka tashe shi ne ya fi ɗaukar mini hankali, domin a nan ake ganin abin da ƙungiyoyi ke kashe miliyoyi a ɗakunan taro na Yamai suna nema, wai shi ƙarfafa zamantakewa.

A 1962 ne dattawan Yama suka yanke shawarar gari ya sami masallacin Juma'a nasa. Ba a kira ɗan kwangila ba. Kowane gida ya kawo abin da yake iyawa: majiya ƙarfi suka haƙo ƙasa suka buga tubali, mata suka yi ta jigilar ruwa, wasu suka shiga daji neman itace, mai hali ya ba da abin hannunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin kwaɓa ya san yadda abin yake. A zuba ruwa a bar ƙasa ta kwana ta jiƙu, a watsa mata yankakkiyar ciyawa, samari su naɗe wando su shiga da ƙafa suna kirɓawa har ta yi danƙo. Daga nan sai a ja layi: wannan ya cura ya miƙa wa wancan, wancan ya cilla wa magini da ke zaune bisa bango kamar mahayi a kan doki. Da wuya ka wuni kana karɓar curin ƙasa daga hannun mutum tun hantsi har azahar, sannan ku tashi ba ku ga-maciji.

Ginin farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere, da rufin itace da ƙasa. Da rufin ya nemi gyara a 1975, Falke bai tsaya toshe yoyo ba. Ya sauke shi ya ɗora wani bisa bakuna: a ɗaure sanduna dami-dami, a dasa gindinsu cikin ginshiƙi, a lanƙwaso kansu har su haɗu da na ɗaya ɓangaren, sannan a lulluɓe da ƙasa. Ya ƙara tulluwa a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya tsayar da hasumiyoyi huɗu, kowace kusurwa da tata, kuma babu biyu da suka yi kama da juna, kowace da irin adonta tun daga gindi har kan zanko. Shekara 20 ke nan gari guda yana dawowa kan aiki guda.

Ginin ƙasa dai ba a gama shi. Kowace damina sai ta ci rabonta, a gyara indararo, a cike tsaga, a sake yaɓe. Mutane na ganin wannan aibi ne, kuma in ka dubi aljihu da ƙashin baya, aibin ne. Amma shi ne kuma yake tilasta wa unguwa ta taru, ko tana so ko ba ta so. A Jenne ta ƙasar Mali abin ya zama biki: sau ɗaya a shekara gari kan fito kwansa da kwarkwata don yaɓe babban masallaci, unguwanni na tsere da kwandunan laka. Mu a nan sunansa gayya kawai.

To, sai ga siminti, kuma a wannan yanki na Adar ba baƙo ba ne. Masana'antarsa tana Malbaza tun shekarun 1960. Matasan Adar da ke tafiya ci-rani Abijan, Legas ko Libiya, in Allah ya buɗa, abin da suka fara aikowa gida shi ne kuɗin bulo da kwano. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa kwana yana tara kwanoni ƙarƙashin yoyo, ko ya ga bangon maƙwabci ya faɗi a ruwan watan Agusta, ba za ka zo masa da wa'azin al'ada ya saurare ka ba. Sai dai a faɗi gaskiya duka: ɗakin kwano a watan Afrilu ba ya shiguwa da rana, kuɗin kayansa kusan duk waje yake fita, kuma masallacin da attajiri ɗaya ya biya ɗan kwangila ya gina, in ya tsage, jama'a jiran attajirin suke yi. A Zariya, masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda duniya ta san shi da ɗaurin guga, a shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na cikinsa da ginin zamani. Ya tsira, amma daga waje ba ka ganinsa.

Saura kaɗan irin wannan, ko mafi muni, ya sami wani aikin na Falke Barmu a Dandaji, ƙauyen da ke cikin gundumar Illela shi ma. Tsohon masallacin Juma'ar garin ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, kuma maganar da ke yawo ita ce a rushe a yi na kankare. Nan ne Mariam Issoufou Kamara ta shigo, 'yar Nijar mai zanen gine-gine wadda ta fara da ilimin kwamfuta kafin ta koma wannan fanni a Amurka, ta kuma buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Ita da abokiyar aikinta 'yar Iran, Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara: a bar tsohon masallaci a tsaye, a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi mai ɗaukar mutum 1,000. Aka kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma.

Abubuwa biyu ne suka sa aikin ya wuce zanen takarda. Na farko, tubalin sabon masallacin da jar ƙasar yankin aka yi shi, ana matse ta da inji har ta yi ƙarfi, ba a jira tirela ta kawo komai da komai ba. Na biyu, an nemo maginan da suka yi aikin tsohon ginin aka sa su cikin gyaransa. Suka nuna yadda aka ɗaure bakuna, su ma suka koyi dabarun da ke hana ruwa zaizaye bango. Da an rushe, da wannan sani ya bi baraguzai.

Yanzu tsakanin masallaci da ɗakin karatu fili ne guda. Mai zuwa sallah sau biyar a rana dole ya gifta ta gaban littattafai, yaron da ya taso daga makarantar boko yana da inuwar da zai yi bita, mata suna da wurin da za su zauna darasin yaƙi da jahilci ba tare da an ce sun shiga inda ba nasu ba. A ƙasar da har gobe wasu iyaye ke kallon boko da allo a matsayin kishiyoyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani abin dariya kuma: lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya da aikin ya ci a 2017, gidauniyar LafargeHolcim ce ta bayar, wato ta kamfanin da ke cikin manyan masu sayar da siminti a duniya.

A shekarar 2018 ɗin dai ofishin Mariam ya gina wa Dandaji kasuwa. Da can mako-mako take ci, a gindin wata tsohuwar bishiya. Ba a sare bishiyar ba, ita aka kewaye da shaguna sama da 50 na tubalin ƙasa, aka gyara gindinta ya zama wurin zama. Inuwar hanyoyin kasuwar kuwa faya-fayan ƙarfe ne masu launi iri-iri, an ɗaga su bisa sanduna, wani sama da wani, iska na ratsawa. Ado ne, amma adon da mai tumatir ke fakewa a ƙarƙashinsa, kuma da niyyar kasuwar ta riƙa ci kullum aka yi shi.

Gini kaɗai ba ya riƙe gari, sai da abin da ke juya kuɗi a cikinsa. Nan kuma mata sun riga kowa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a jihar Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara, wanda ya ɗauki asusun da iyayenmu mata suka sani ya yi masa ƙa'ida. Daga can ya bazu Tawa da sauran jihohi, har ya ƙetare zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ga yadda zaman yake. Mata kamar 25 ko 30 sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan shugaba, akwatin ƙarfe a tsakiya, kwaɗo uku a jikinsa, mabuɗan kuma a hannun mata uku daban-daban, ita mai ajiyar akwatin ba ta da ko ɗaya. A kira suna, kowa ta ajiye zubinta a faranti, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Wadda ta makara ta biya tara. Sai a tambaya: wa ke son rance? Wannan za ta sayi tunkiyar turka kafin Layya, waccan gyaɗa za ta saro ta yi ƙuli da mai, wata kuma irin albasa. Ana mayarwa da ɗan ƙari, ƙarin kuma akwatin yake komawa, a raba a ƙarshen zagaye. Batun ƙarin nan malamai sun yi magana a kansa, kuma magana ce da ta cancanci a zauna a warware, ba a share ba. Gefe guda akwai ɗan kuɗin taimako na haihuwa, rashin lafiya ko rasuwa.

Ba sadaka ba ce, ba kuma banki ba ne. Sana'a ce da ribarta ke tsayawa cikin unguwa, kuma macen da ta saba tsayawa gaban mata 30 tana ba da lissafi, gobe ba ta jin nauyin tsayawa gaban magajin gari. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi aka sami matan da suka zama kansiloli.

Maza ma suna da nasu darasin a albasa. Galmi tana cikin gundumar Malbaza, sunanta kuwa ya kai kasuwannin Abijan, Akara da Kwatano a bisa buhu. Lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, manoma ta bakin ƙungiyarsu ta ANFO suka ce ba su yarda ba, sunan kuma ya zauna a hannun masu shi. Manomi ɗaya da rudunsa ɗaya na ajiyar albasa ba zai iya wannan faɗa ba. Haka nan ba zai iya riƙe albasa daga lokacin girbi, sa'ad da farashi ke ƙasa, zuwa watannin tsada ba, in bashi na binsa a baya. Sai da ƙungiya, da ma'aji na tarayya.

Kada dai a ɗauka komai ya yi daidai. Dandaji ta yi sa'ar samun masu ilimi da suna da suka waiwaye ta, ƙauyuka nawa ne ke da wannan gata? Ɗakin karatu kuma yana son littattafai sababbi, da mai kula da shi, da albashinsa, abubuwan da babu lambar yabon da ke biya har abada. Babbar barazanar ma ita ce maginan ƙasa na tsufa, yaransu kuma sun fi son kabu-kabu ko fataucin fetur a bakin iyakar Birnin Ƙwanni. Wannan hanya kowa ya ga rauninta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka da Najeriya har zuwa Maris na 2024. Samarin da ke wuni a fada suna dafa shayi ba ragwaye ba ne, a zamanin Seyni Kunce irinsu ne, ƙarƙashin ƙungiyar samariya, suka riƙa gina ajujuwa da gayya. Aikin da za a kira su a kansa ne ya yi ƙaranci, wanda kuma za a biya su.

Saboda haka kirana ga hukumomin Ƙwanni, Malbaza da Illela ne. In za a gina aji, rumfar kasuwa, ma'ajin albasa ko ɗakin taron mata, a rubuta cikin sharuɗɗan kwangila cewa da tubalin ƙasar wurin za a yi inda ya dace, maginin garin ne zai riƙe aikin, kuma sai ya ɗauki yara masu koyo. A ba ƙungiyoyin asusu abincin ma'aikata da kula da shaguna. Ku kuma 'yan ci-rani masu aiko da kuɗin masallaci, kafin ku ce a rushe tsohon, ku sa a je Dandaji a gani tukuna.