Ko Ka Sani? Ƙwallaye 14 Ke Yanke Ƙungiyar da Za Ta Fara Zaɓen Ɗan Wasa a Ƙwallon Kwando

A watan Mayu, hukumar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wadda aka fi sani da NBA, takan kunna wata 'yar na'ura mai ganga garai-garai da ake hango cikinta, a zuba mata ƙananan ƙwallaye 14 irin na wasan ƙwallon tebur, kowanne ɗauke da lamba daga 1 zuwa 14, kuma lambobin da ta fitar cikin 'yan mintoci su ne ke fayyace ƙungiyar da za ta riga kowa ɗaukar matashin da ya fi fice a wannan shekara. Wannan na'ura ce manhajojin wasan kwamfuta da na waya suke kwaikwayo idan suka shirya gasar ƙwallon kwando ta ƙirƙira, wato gasar da kwamfuta ke buga wasanninta da lissafi ba tare da kowa ya taka fili ba, saboda haka duk mai son hasashen wanda kowace ƙungiya za ta ɗauka, a gasar gaske ko ta kwaikwayo, sai ya fara sanin yadda take aiki.

Dalilin da ya sa ake buƙatarta

Masu cika gidajen kallon ƙwallo a Jahun da Dutse da Kiyawa sun saba da tsarin ƙwallon ƙafa, inda kulob mai kuɗi ke sayen ɗan wasan da ya ga dama, wanda ya gaza kuma ya faɗa rukunin 'yan dagaji, kamar yadda Jigawa Golden Stars ta taɓa hawa babbar gasar Najeriya ta kuma sauko. Tsarin NBA ya sha bamban, domin ƙungiyoyinta 30 ne, 29 a Amurka da guda a Kanada, kuma babu wadda ake saukarwa komai lalacewar wasanta. Tun da ba a korar mai rauni, sai aka nemi hanyar tayar da shi, hanyar kuwa ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa da aka saba yi a watan Yuni, inda ake tara matasan da suka kai shekara 19 daga jami'o'in Amurka da ƙungiyoyin ƙasashen waje, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya a zagaye biyu, wanda a ƙa'ida ke ba da gurbi 60. Abin ya yi kama da yadda yara biyu ke raba abokansu bi da bi a filin makaranta kafin a take leda, sai dai a nan wanda ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ake son ya fara kira.

Wannan kyakkyawar niyya ce ta haifar da matsala, domin idan na ƙarshe a teburi yana da tabbacin samun gwarzon shekara, ƙungiyar da ta ga ba za ta kai labari ba tana iya zubar da wasanni da gangan. Daga 1966 zuwa 1984 ana cilla kwabo ne tsakanin ƙungiyoyi biyu da suka zo ƙarshe a ɓangarorin gasar biyu, kuma ta haka Houston Rockets ta samu gurbin farko a 1984, ta ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, a daidai lokacin da ake zargin wasu ƙungiyoyi da faɗuwar gangan. A 1985 aka koma ƙuri'ar ambulan, inda ƙungiyoyi bakwai ke da dama daidai wa daida, New York Knicks ta ci ta ɗauki Patrick Ewing. A 1990 aka shigo da ƙwallaye 66, mafi rauni a ba ta 11, mafi dama-dama a ba ta ɗaya tak, amma da Orlando Magic ta ci ƙuri'ar 1993 da wannan ƙwallo ɗaya, bayan ta ci ta 1992 ta ɗauki Shaquille O'Neal, sai aka sake fasali a 1994 aka kawo tsarin ƙwallaye 14.

Yadda ake juya ta

Ana yin ƙuri'ar a wani ɗaki na daban, a gaban wakilan ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen neman kofi ba, da wasu 'yan jarida, da wakilin kamfanin binciken kuɗi na Ernst & Young, kuma duk wanda ya shiga sai ya ajiye wayarsa, ba ya fita sai an gama sanar da sakamako a talabijin. Kamfanin Smartplay da ya ƙera na'urar shi ke auna nauyi da girman ƙwallayen tun da farko, don kada wani ya fi wani saurin tashi. Idan aka kunna, iska ce ke hautsina ƙwallayen har daƙiƙa 20 kafin a fitar da na farko, sannan daƙiƙa 10 kafin kowanne daga cikin ukun da suka rage, mai duba agogo kuma yana tsaye ya juya wa na'urar baya, hannu kawai yake ɗagawa idan lokaci ya cika, domin kada idonsa ya sa shi jinkiri ko gaggawa.

Sirrin lamba 14 yana cikin lissafi. Idan za a ciro ƙwallaye huɗu daga 14, na farko yana da hanya 14, na biyu 13, na uku 12, na huɗu 11, waɗanda idan aka ninka su da juna suke ba da 24,024, amma tun da ba a damu da wanda ya riga wani fitowa ba, kuma lambobi huɗu suna iya jeruwa ta hanya 24, sai a raba, a samu haɗin lamba 1,001. Ana rarraba 1,000 ga ƙungiyoyi, a bar guda ɗaya, wato 11 da 12 da 13 da 14, ba na kowa ba, idan ya fito a mayar da ƙwallaye a sake juyawa. Amfanin dubu cif shi ne kowane haɗi 10 ya zama kashi ɗaya cikin ɗari, ta yadda hukuma za ta iya ƙara wa wannan ta rage wa wancan ba tare da ta taɓa na'urar ba. Babu ƙungiyar da ke zuba kuɗi don a ba ta lamba, matsayinta a teburi ne ke sama mata kasonta.

Kafin 2019 ƙungiyar da ta zo ƙarshe tana samun haɗi 250, wato kashi 25 cikin ɗari, abin da bai hana faɗuwar gangan ba, musamman bayan Philadelphia 76ers ta shafe shekaru tana tara gurabe na sama, har ta gama kakar 2015 zuwa 2016 da nasara 10 cikin wasa 82. Gyaran 2019 ya ba ƙungiyoyi uku mafiya rauni haɗi 140 kowacce, ta huɗu 125, ta biyar 105, a haka ake sauka har ta 14 mai haɗi 5 kacal, kuma gurabe huɗu na farko kaɗai ake yi wa ƙuri'a, sauran su jeru bisa rauninsu. A wannan tsari ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi tana da kashi 14 na samun gurbin farko, amma kusan kashi 48 na zamewa zuwa na biyar. Sakamakon ya nuna gyaran ya yi aiki, domin New Orleans Pelicans ta ci da kashi 6 a 2019, Atlanta Hawks da kashi 3 a 2024, Dallas Mavericks kuma da kashi 1.8 a 2025.

Yadda kwamfuta ke kwaikwayo

A manhajoji irin su NBA 2K, wadda ta fara fitowa a 1999, da Basketball GM da ake bugawa ta intanet, mai wasa yakan zama manajan ƙungiya, ya sayi 'yan wasa ya sayar, ya bar kwamfuta ta buga kakar wasa sukutum cikin ƙanƙanin lokaci, kamar dai yadda matasan gidajen gem suka saba tafiyar da kulob a wasannin ƙwallon ƙafa. Wasu kuma sukan haɗu su kafa gasa guda, kowa ya riƙe ƙungiya ɗaya. Kwamfuta ba ta da iska ko ƙwallaye, abin da take da shi shi ne dabarar fitar da lambobin katsam, wato wani lissafi da ake ba shi lamba ta farko, ya riƙa haifar da jerin lambobin da ba a iya gane tsarinsu da ido. Idan ta fitar da lamba tsakanin 1 da 1,000, sai ta duba ƙungiyar da lambar ta faɗa a kasonta, wannan kuma ya wadatar a madadin na'urar.

Kowane ɗan wasa a irin wannan gasa tarin lambobi ne, na tsawo da gudu da tsalle da iya jifa daga nesa da raba ƙwallo da tsare gida, waɗanda ake dunƙulewa su zama maki biyu, ɗaya na ƙwarewarsa ta yanzu, ɗaya na inda ake sa ran zai kai idan ya goge. Mai hasashe yana bin matakai huɗu a jere: ya ƙiyasta yadda teburi zai ƙare, ya auna abin da ƙuri'a za ta iya yi wa wannan jeri, ya jera matasan bisa cancanta, sannan ya duba giɓin kowace ƙungiya. Giɓin yana bayyana ne idan aka duba gurabe biyar na fili, tun daga mai raba ƙwallo har zuwa dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, aka ga inda ɗan wasa ya tsufa, ko kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ko albashinsa ya matse ƙungiya ƙarƙashin iyakar kuɗin da gasa ta ƙayyade.

Tun da ba a san abin da ƙuri'a za ta fitar ba, masu lissafi sukan yi amfani da dabarar Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka bunƙasa a shekarun 1940, ma'anarta kuma ita ce a maimaita gwaji sau dubbai a ƙirga yadda sakamako ya rarrabu. Idan aka sa kwamfuta ta juya ƙuri'ar sau 10,000, ƙungiyar ƙarshe za ta samu gurbin farko kusan sau 1,400, ta sauka na biyar kusan sau 4,800, wanda ke nuna cewa manajan da ya gina shirinsa kan matashi guda ya gina shi ne kan abin da sau shida cikin bakwai ba zai samu ba.

Inda lissafi ke tsayawa

Mataki na huɗu shi ne mafi wuya, domin a nan ake sa-in-sa tsakanin masu cewa a ɗauki wanda ya fi kowa iyawa da masu cewa a toshe giɓi. Zaɓen 1984 ya ishi misali: Houston tana da dogo Ralph Sampson amma duk da haka ta ɗauki Olajuwon, wanda ya kai ta ga kofi a 1994 da 1995, ita kuwa Portland Trail Blazers, da take ganin tana da Clyde Drexler kuma dogo take nema, sai ta ɗauki Sam Bowie a gurbi na biyu, ta bar wa Chicago Bulls Michael Jordan a na uku. Ko jeren cancantar ma yakan ci amanar masana, don Michael Olowokandi, wani haifaffen Legas, shi aka fara ɗauka a 1998 alhali Dirk Nowitzki ya zo na tara, Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Najeriya, ya zo na 15 a 2013, Nikola Jokic kuma na 41 a 2014, kuma dukansu ukun daga baya sun ci kambun ɗan wasan da ya fi kowa daraja a gasar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙari a kan haka, kuskure ɗaya a saman jeri yakan rushe abin da ke ƙasa, domin idan ƙungiya ta biyu ta kauce wa wanda aka yi mata zato, ta uku da ta huɗu duk za su sauya shawara.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma a can ya koyi ƙwallon kwando, ya nuna cewa ido mai kyau yana iya maye gurbin sa'ar ƙuri'a. Ya fara ne da aikin zaƙulo wa Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, ya jagoranci Toronto Raptors daga 2013 zuwa 2025, kuma a zamaninsa ƙungiyar ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a gurbi na 27 a 2016, da OG Anunoby a na 23 a 2017, gurabe ne da na'urar ba ta ma leƙa su, sannan ta ci kofi a 2019, karon farko da wata ƙungiya daga wajen Amurka ta yi haka.

A nan ne gasar kwaikwayo ta rabu da ta gaske. A cikin kwamfuta makin matashi da dokar girmansa suna rubuce tun ranar da aka ƙirƙire shi, ko da manhaja ta lulluɓe su don ta wahalar da mai wasa, don haka wanda ya daɗe yana nazarin manhajar yana iya gano ɗabi'arta, ya san ko ƙungiyoyin da kwamfuta ke riƙe da su sun fi karkata ga maki ko ga giɓi. A fili kuwa babu wata lamba da aka ajiye, sai rauni da koci da halin yaro da irin abokan wasan da ya tarar. Abin da gasannin biyu suka haɗu a kai shi ne cewa hasashe mai inganci ba ya kama suna ɗaya ya rantse a kai, yakan kawo sunaye uku ko huɗu ga kowane gurbi, ya faɗi kason kowanne cikin ɗari, ya kuma tanadi shawara ta biyu ga ƙungiyar da ƙuri'a ta mayar baya.