TASHE: WASAN KWAIKWAYON DA MUKA GADA TUN KAKA DA KAKANNI

Mutane da yawa suna tsammanin Bature ne ya kawo wasan kwaikwayo ƙasar Hausa, saboda sai a 1936 Dokta East ya fitar da littafin wasanni shida cikin Hausa. Alhali kuwa rubutawa kawai aka yi a lokacin, wasan yana nan tun da daɗewa. Babbar shaida ita ce tashe.

Ana fara tashe ne idan azumi ya kai kwana 10. Masana sun ce asalinsa daga tashin mutane sahur ne. A birnin Kano akwai sarautar Nalako, watau sarkin gwagware, wanda yakan bi marasa aure da kiɗa da barkwanci.

Dandalin tashe ƙofar gida ce ko tsakar gida. Yaro yakan liƙa gemun auduga, ya duƙa da sanda, ya zama tsoho, 'yan uwansa suna amshi. 'Yan mata kuwa sukan kwaikwayi zaman miji da mata. Ana dariya, amma cikin raha ake yi wa marowaci da malalaci da mugun miji hannunka mai sanda.

Haka abin ya faro a ƙasar Girka. A birnin Atina wasan ya tsiro daga waƙoƙin bikin gunkinsu Diyonisas. Wajen shekara 534 kafin haihuwar Annabi Isa, ana cewa wani mai suna Tesfis ya ware daga 'yan amshi ya riƙa magana da bakin wani. Maza kaɗai ke wasan, fuskokinsu a rufe. Bambancinmu da su shi ne hukumarsu ta rungumi abin, ta sa gasa, aka gina dandali na dutse kamar na Efidaras mai ɗaukar mutum wajen 14,000, aka kuma rubuta wasannin. Shi ya sa har yau ake karanta su.

Namu kuwa yana neman ɓacewa. A 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da tashe saboda ɓatagari da ke fakewa da shi suna ƙwace. Lalle tsaron rai wajibi ne, amma ba a ƙone rumbu don ɓera. Ya kamata sarakuna da hukumomin al'adu su keɓe wa yara fili mai tsaro, malaman jami'a kuma su ƙara himma wajen tattara wasannin daga bakin dattawa tun suna raye.