CACA: CIWON DA BA YA KWANTAR DA MAI SHI

Daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, a kan babbar hanyar kwalta mai tasowa daga Yamai zuwa Damagaram, kuɗi na da lokutansu: kaka ga manomi mai aya, wake da gujiya, ƙarshen wata ga ma'aikaci, ranar kasuwa ga ɗan tireda. Su ne kuma lokutan da caca ke ci. A da karta ce a bayan tasha. Daga baya aka samu tikitin Lonani da PMU, inda mutum na zaune a Tibiri zai zuba kuɗinsa kan dokin da ke gudu a Faransa. Yau ga cacar ƙwallo cikin salula, wadda ba ta da lokacin rufewa.

Addini ya riga ya yanke hukunci cikin surorin Baƙara da Ma'ida. A Kano ma, cikin shekarar 2024, Hizba ta rufe shagunan caca. Amma rufe shago ba ya warkar da wanda abin ya kama. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka lissafa wannan hali cikin cututtuka, a 2013 suka jera shi tare da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi haka cikin kundinta da ya fara aiki a 2022.

Yaya ake gane shi? Yawan abin da aka ci mutum ba shi ne ma'auni ba. Babbar alama ita ce neman ramuwa: an cinye shi jiya, yau ya dawo don ya fanshe. Wanda ya fara da dala arba'in sai ya koma jika, don ƙaramin zubi ya daina motsa masa rai. Ya sha rantsuwa zai bari, ya kasa. In bai buga ba, sai faɗa da rashin barci. Yana ɓoye wa iyali, yana cin bashi a kan albashin da bai zo ba, ko ya taɓa uwar kuɗi. Likitocin sun jera alamomi tara; wanda ya tara huɗu cikin shekara guda, ciwon ya tabbata.

Ramuwar nan kuwa ba ta samuwa. A PMU, kafin a raba wa waɗanda suka ci, sai an cire rabon kamfani da na gwamnati. Abin da ke komawa ga masu zubi kullum bai kai abin da suka zuba ba. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Magani na farawa daga aljihu. Albashi ko cinikin shago ya koma hannun amintacce, uwargida ko wa, a riƙa ba mutum na cefane kawai. A goge cacar daga salula. Dangi kada su biya bashinsa a asirce, don hakan buɗe masa sabon zubi ne. A rubuta bashin, a tsara masa biya da kansa. Sannan a kai shi likita mafi kusa, a nemi turawa ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda ke magani ta tattaunawa, su kuma duba baƙin ciki ko shaye-shaye da kan biyo. Wanda aka ji yana cewa mutuwa ta fi masa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira wayewar gari.

Mai jinya kan sake zamewa. Wannan ba dalilin kora ba ne. A sake riƙe kuɗin, a ci gaba. Gori na ƙara tura shi ga ɓuya, caca kuwa a ɓoye take ƙiba.