Bayan dashen huhu: Idan jiki ya ƙi karɓa ko cuta ta shiga

Idan ɗan'uwanku ya dawo Abuja daga Indiya ko Afirka ta Kudu da sabon huhu a ƙirjinsa, kada ku ɗauka jinya ta ƙare da saukarsa a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Dashen ƙoda mun saba da shi, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yi tun 2002. Na huhu kuwa sai an fita waje, kuma ranar da matsala ta taso likitocin da suka yi aikin suna can nesa, ku ne a kusa.

Matsalolin biyu ne, kuma maganin ɗaya ne ke buɗe wa ɗayar ƙofa. Garkuwar jiki tana ɗaukar sabon huhun baƙo, sai ta far masa. Don hana haka ake ba majiyyaci magunguna irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone har ƙarshen rayuwarsa. To, da zarar an danne garkuwa, ƙwayoyin cuta sun samu hanya. Ga shi huhu ba a killace yake ba kamar ƙoda, duk abin da ke cikin iska sai ya shaƙa.

Ƙin karɓa na farat ɗaya yakan zo a shekarar farko, kuma bai kai yadda sunansa ke firgita mutane ba. Idan an gano da wuri, yawanci allurar steroid mai ƙarfi ta jijiya na kwana 3 kan kwantar da shi, numfashi ya dawo daidai. Mai wuyar shi ne wanda ke zuwa a hankali, yana toshe ƙananan hanyoyin iska. Wannan yakan samu kusan rabin majiyyata cikin shekara 5, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Abin da likita zai iya shi ne rage masa gudu, wani lokaci da azithromycin. Ƙalilan ne ake sake yi wa dashe.

Duk da haka an ci gaba sosai. Mutumin farko da aka yi wa dashen huhu a Amurka a 1963 kwana 18 ya yi. Wanda aka yi wa a Toronto ta Kanada a 1983 ya haura shekara 6. Yau fiye da 8 cikin 10 suna wuce shekarar farko, fiye da rabi kuma suna kaiwa shekara 5.

Inda aka fi yin kuskure shi ne alamomin iri ɗaya ne: tari, zazzaɓi, kasala, haki. Mu kuma duk zazzaɓi a wurinmu maleriya ne, sai a aika yaro kemis. Ga mai dashe, wannan ganganci ne. Sai an yi gwaji, wani lokaci har a zura na'ura a ɗebo ɗan naman huhun, kafin a san ko ƙara danne garkuwa za a yi ko yaƙar cuta. In aka yi akasin haka, an ƙara wa wuta fetur.

Ku lura da tarin fuka musamman. Maganinsa rifampicin yana rage ƙarfin tacrolimus a jini ƙwarai, har jiki ya juya wa huhun. Duk likitan da zai rubuta magani, ku fara nuna masa jerin waɗanda ake sha. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a ajiye su, ko da kuwa kaka ce ta aiko.

Ƙurar hunturu da hayaƙin janareta da wuraren gine-gine, waɗanda ba sa yankewa a Abuja, duk abin kauce wa ne. Ƙurar gini tana ɗauke da naman gwari mai suna Aspergillus. Ya sa takunkumi in zai fita, masu mura kuma su yi gaisuwa ta waya. Ya riƙa hura na'urar auna numfashi kullum a gida. Idan adadin ya faɗi da kashi 10 cikin 100 kwana biyu a jere, a kira likita ranar.

Kafin ku baro asibitin waje, ku karɓi cikakken rahoton aikin da lambar likitansa, ku kuma tabbatar da likitan huhun da zai ci gaba da dubawa a Abuja da inda za a riƙa auna tacrolimus a jini.