Labarin Lambar Gata, Maɗaurin da Sarakunan Ingila Ke Ɗaura wa Baradensu

 Yau za mu ɗauko labarin wata lambar girma ta Sarakunan Ingila wadda mutanen ƙasar ke kira Gata. Kada mai karatu ya zaci gatan nan ne namu na Hausa, ko da ya ke wanda ya same ta lalle ya zama ɗan gata. Ma'anar kalmar a bakinsu ita ce maɗaurin safa, watau 'yar ɗamarar da a ke ɗaurawa ƙarƙashin gwiwa don kada safa ta zame. To, wannan ɗan ƙanƙanen abu shi ne kan gaba cikin lambobin barade na Ingila duka, har akwai sarki mai ƙasa da rundunoni da ya bar London da ɓacin rai don an hana shi.

Mutanenmu sun saba jin laƙabin nan na Sa, tun da aka ba Sardauna Ahmadu Bello lambar da ke tafe da shi a 1959, aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. Amma tasu lambar ta wata ƙungiya ce dabam, ta Daular Birtaniya, wadda Sarki Joji na 5 ya kafa a 1917, dubban mutane kuwa sun sami rabo a cikin darajojinta. Gata ta girme ta da shekara 569, ƙofarta kuma ƙunci gare ta ƙwarai. Ban da Sarki da Yarima mai jiran gado, barade 24 kaɗai a ke yarda su kasance cikinta a lokaci guda. In sun cika, ba mai shiga sai wani ya kau. Daga baya an buɗe wata 'yar ƙofa ta gefe domin 'ya'yan gidan sarauta da sarakunan wasu ƙasashe, su ba a ƙidaya su cikin 24 ɗin.

Wanda ya kafa ta shi ne Sarki Edwad na 3, a shekara ta 1348. Shi Edwad uwarsa 'yar Sarkin Faransa ce, saboda haka ya ce gadon sarautar Faransa nasa ne, mutanen Faransa kuwa suka ce ba a gadon sarautarsu ta wajen mace. Wannan gardama ce ta haifi yaƙin da ya ɗauki fiye da shekara 100 ana gwabzawa. A 1344 Edwad ya yi alkawari zai tara barade 300 a fadarsa ta Winza, har an fara ginin zauren da za su zauna, sa'an nan aka watsar. Da ya ci nasara a fagen Kiresi a 1346, ya kuma kame birnin Kale a 1347, sai ya komo gida da wata shawara: maimakon taro mai yawa, ya zaɓi 'yan kaɗan, galibinsu waɗanda suka sha ƙura tare da shi a Faransa, ya haɗa su da rantsuwa guda da alama guda.

To, me ya kawo maɗaurin safa cikin sha'anin mayaƙa? Ruwaya biyu ce. Wadda ta fi yawo a bakin jama'a ta ce wai ana cikin rawa a fada, sai maɗaurin wata babbar mace, matar hakimin Salisbari, ya kwance ya faɗi ƙasa. Fadawa suka fara ƙunshe dariya suna ƙyafta wa juna ido. Sarki ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗaura a ƙafarsa, ya faɗi wata magana da harshen Faransa, wanda shi ne harshen fada a zamanin, ma'anarta: kunya ta tabbata ga wanda ya yi mugun zato a kan wannan. Ya ƙara da cewa zai ɗaukaka maɗaurin nan har masu dariyar su riƙa roƙon a ɗaura musu.

Labari ne mai daɗin ji, amma malamai sun san ba daɗi a ke dubawa ga ruwaya ba, isnadi a ke dubawa. Wannan kuwa isnadinta a yanke ya ke, gama ba a same ta a rubuce ba sai bayan fiye da shekara 100 da kafa ƙungiyar. Ruwaya ta biyu ta masu binciken tarihi ce, ni ma ita na fi karkata gare ta. Sun ce maɗaurin bai yi kama da kayan mata ba, ya fi kama da tsirkiyar fata mai ƙarfe a baki wadda barde ke ɗaure kayan yaƙinsa da ita. Launinsa shuɗi ne, rubutun da ke kansa na zinariya, waɗannan kuwa su ne launukan tambarin Sarakunan Faransa. Ashe ke nan mugun zaton da Sarki ke tsinewa, zaton masu cewa ba shi da haƙƙi a gadon Faransa ne. Ko wace ruwaya mutum ya bi, maganar nan ita ce taken ƙungiyar har yau, tana nan kuma rubuce a kewaye da tambarin Sarkin Ingila.

Bari mu zana kayan naɗin, don masu sayar da tufafi su ƙiyasta. Maɗaurin kansa na karammiski ne shuɗi mai duhu, namiji ya ɗaura a ƙafar hagu ƙarƙashin gwiwa, mace a dantsen hagu. Akwai alkyabba ta shuɗin karammiski mai farin shafi, da baƙar hula mai tunƙun farin gashin jimina, irin hajar da fataken Kano da Barno suka yi ta kaiwa Tarabulus a da, a tsakiyarsa an soka baƙin gashin zalɓe. Akwai tauraro na azurfa mai tsini 8 da a ke maƙalawa a ƙirji. Mafi tsada ita ce sarƙar wuya ta zinariya, nauyinta oza 30 a ma'aunin zinariya, watau ta kusa kilo guda, ko mu ce wajen miskali 220. An ƙera ta da siffar 'yan maɗaurai 26, adadin mutanen farko tare da Sarki da ɗansa, tsakanin kowane biyu akwai ƙulli. Duk inda ka duba cikin kayan nan ɗauri ne da ƙulli. A ganina nan ma'anar ta ke. Sarki ya girmama bardensa, gaskiya ne, amma da abin da ya girmama shi da shi ya ɗaure shi.

A ƙasan sarƙar akwai surar mutum bisa doki yana sukar wani ƙaton maciji mai fukafukai. Wannan shi ne waliyyin da Ingilishi ke kira Joji, wanda suka riƙa a matsayin majiɓincin ƙasarsu. Masu karatun tarihi da ƙissoshi ba baƙo ba ne gare su, gama shi ne Jirjis, wanda Ɗabari ya kawo labarin azabar da ya sha a hannun wani azzalumin sarki. Kabarin da a ke danganta masa yana garin Luddu. Alamarsa wajen Nasara jan gicciye ne a kan fari, shi ne kuma ke tsakiyar tauraron azurfan nan. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Mazaunin ƙungiyar wata majami'a ce cikin fadar Winza. Ginin da ke tsaye yanzu an fara shi a 1475, aka gama a 1528, a nan kuma aka binne Sarauniya Elizabet ta 2 a 2022. Kowane barde yana da kujerarsa a ciki, bisanta an rataye tutarsa da kwalkwalinsa da takobi. Ran da ya mutu sai a sauke su, magadansa kuma su mayar da sarƙar da tauraron fada, domin kayan aro ne, ba su shiga rabon gado. Abin da ke saura ɗan allo ne na tagulla mai sunansa da tambarinsa, kafe a bayan kujerar. Irin waɗannan alluna wajen 800 ne suka taru a can. Kowace shekara cikin watan Yuni baraden kan sa alkyabbunsu su gangaro a jere zuwa majami'ar, al'adar da Sarki Joji na 6 ya rayar a 1948.

Abin da aka ɗaura kuwa ana iya kwancewa. Dokokin zamanin Sarki Henri na 8 sun ambaci laifi uku da ke fid da mutum: ya kauce wa addininsu, ko ya ci amanar Sarki, ko ya gudu daga fagen fama. Ba a ɓoye a kan yi tuɓen ba. Sai a karanta laifinsa a bainar jama'a, wani ma'aikacin fada ya hau tsani ya jefo tuta da kwalkwali da takobi ƙasa, sauran su yi ta shurinsu da ƙafa har waje, su tura su ramin ganuwa. Wanda aka yi wa haka na ƙarshe shi ne hakimin Omond a 1716. Bayansa an bar shurin, amma ba a bar tuɓewa ba. A 1915, ana cikin Yaƙin Duniya na 1, an sauke tutar Sarkin Jamus Wilhelm na 2, jikan Sarauniya Biktoriya ne fa, tare da ta Sarkin Ostiriya. Hirohito na Japan an sauke tasa a 1941, aka mayar a 1971. Ko a 2025 Sarki Charles na 3 ya soke sunan ƙanensa Andrew daga littafin ƙungiyar.

An daɗe gwamnati ce ke zaɓa wa Sarki wanda za a ba, har 1946 aka mayar da zaɓin hannun Sarki shi kaɗai. Mata sun sami cikakken shiga a 1987.

Yanzu sai mu komo kan gicciyen nan. Shekara 500 da 'yan kai ƙungiyar ta Kirista ce zalla, sai siyasa ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ingila ta taimaki Daular Usmaniyya a yaƙin Kirimiya don ta tare wa Rasha hanya, da aka gama sai aka kai wa Sultan Abdulmajid lambar har Istambul a 1856. Shi ne na farko da ya same ta ba Kirista ba. Ƙanensa Sultan Abdul'aziz ya karɓa a 1867 sa'ad da ya ziyarci Ingila, Nasiruddin Shah na Farisa kuma a 1873. Daga Afirka Sarkin Habasha Haile Selassie ya samu a 1954, shi kam Kirista ne, ba a yi wata muhawara ba.

Muhawarar da aka yi a kan ɗan Nasiruddin ce, Muzaffaruddin Shah. A lokacin Rasha da Ingila na ta kokawar wa zai mallaki kunnen Farisa, Rasha kuwa ta riga ta ɗaure Shah da bashi. Jakadan Ingila a Tehran, Arthur Hardinge, ya sa masa rai cewa in ya zo London zai sami abin da mahaifinsa ya samu. Shah ya taso ya iso a watan Agusta 1902. Sarki Edwad na 7, wanda bai daɗe da hawa gado ba, ya ce atafau bai yarda ba. Hujjarsa ita ce ƙungiya ce ta addinin Kirista, bai ga yadda za a rataya wa Musulmi gicciye ba, ko da ya ke uwarsa ta yi haka har sau uku. Wata hujjar kuma a fili ta ke: an yi alkawari da kayansa ba a tambaye shi ba.

Ministan Harkokin Waje, Lansdowne, ya nemi dabarar da za ta raba gardama. Ya sa aka zana sabon tauraro wanda aka cire masa gicciye, domin sarakunan da ba Kirista ba, ya aika wa Sarki da samfurin yana cikin jirgin ruwansa na shan iska. Masu rubuta tarihin Edwad sun ce da ya buɗe ya gani, sai ya fusata ya wurga shi waje ta tagar jirgin. Aka miƙa wa Shah hoton Sarki mai ado da lu'ulu'u a maimakon lambar, ya ƙi karɓa, ya tafi.

Abin lura a nan, Sarkin Nasara ne ya tsaya a kan cewa alamar tana da ma'anar addini, sarkin Musulmi kuwa shi ne ya nace sai an ba shi. Wajen Shah zancen gicciye bai kai zancen daraja ba: an ba ubansa, in shi aka hana shi, me zai gaya wa fadawansa? Wajen ministoci kuma ba addini ba daraja, lissafin hanyar Indiya su ke yi, kamar yadda falke ke lissafin kyautar da zai kai wa mai gari don ayarinsa ya wuce lafiya.

Rikicin ya kai har Lansdowne na shirin ajiye aiki. Firayim Minista Balfour ya rubuta wa Sarki cewa maganar gwamnati ta riga ta fita, in aka karya ta ba wanda zai sāke gaskata jakadan Ingila. Sarki ya sauko ba da son ransa ba. A farkon 1903 aka tashi manzanni musamman suka kai lambar Tehran, aka ɗaura wa Shah. Ya rasu a watan Janairu 1907. A watan Agusta na shekarar nan Ingila da Rasha suka sa hannu a wata yarjejeniya, suka shata ƙasar Farisa: arewa a ƙarƙashin rinjayen Rasha, kudu maso gabas na Ingila, suka bar wani yanki a tsakani. Ba su shawarci Tehran ba.